Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Tsara Bas-bas da Hanyoyin Sigina a Haɗa Sautin Kewaye na 5.1

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake shimfiɗa bas-bas da hanyoyin da sigina ke bi a aikin haɗa sautin fim na tsarin 5.1, tare da ɗan leƙa tsarin Dolby Atmos. Hujjar da ta kafa ita ce, daga ƙarshen aiki ake fara tsarin: mai haɗa sauti ya san fayilolin da za a karɓa daga hannunsa, ya gina bas-bas ɗin da za su samar da su, sannan ya jona tirak-tirak. Ta bi diddigin wuraren da aiki ya fi lalacewa, wato cakuɗuwar dammunan sauti, saɓanin jerin layuka tsakanin manhaja da na'ura, da shigar gyaran ɗakin saurare cikin abin da ake ɗauka. Ta kuma nuna abin da ke samun fim idan aka naɗe layukansa shida suka koma biyu ko ɗaya.

1. Gabatarwa



In aka ambaci sautin kewaye, hankalin ɗalibi yakan tafi ga abin da ke burge kunne: jirgi ya taso daga bayan mai kallo ya wuce ta gabansa, ko tsawa ta girgiza kujera. Abin da ba a cika zama a koyar da shi ba shi ne shafin da ake buɗewa kafin a taɓa feda ko ɗaya, shafin shiga da fita na manhajar aiki, inda ake yanke wa kowane sauti hanyar da zai bi. Shafi ne marar armashi, sai layuka da sunaye. Amma a ganina a nan aiki yake tsayuwa ko ya rushe. Kuskuren kunne ana gyara shi da feda cikin minti ɗaya. Kuskuren hanya kuwa yakan ɓuya har ranar miƙa aiki, lokacin da warware shi ke nufin kwance haɗin makonni.

Misalin da zan riƙe shi ne fim mai tsawo da za a nuna a sinima, a sayar wa dandalin kallo na intanet, daga bisani ya sauka a wayoyin jama'a. Sautinsa a kan 48 kHz da bit 24, kamar yadda aka saba a aikin fim.

2. Abin da ake nufi da bas

Kalmar daga aikin lantarki ta fito, inda ake kiran sandar jan ƙarfe da ake jona wayoyi da yawa a kanta da wannan suna. A teburin haɗa sauti na da, bas waya ce ta zahiri da ta ratsa tebur daga gefe zuwa gefe, kowane layi yana zuba mata siginarsa, a ƙarshenta amfilifaya ta tattara. A kwamfuta wayar ta koma lissafin tarawa, amma halinta bai sauya ba. Kamar magudanar lambu take: ruwan rijiya biyu in ya haɗu a cikinta, babu mai iya cewa wannan ɗigo na wace rijiya ne. Abin da ya shiga bas ya gauraya har abada, kuma duk shawarar da ke cikin wannan takarda daga wannan hali ta samo asali.

Tarawar tana da lissafi. Sigina biyu iri ɗaya sak, masu ƙarfi ɗaya, in suka haɗu suna ƙaruwa da dB 6. In ba su da alaƙa da juna, ƙarin kusan dB 3 ne. In kuwa iri ɗaya ne amma ɗaya ta makara da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wato samfuri 48 kacal a 48 kHz, sai su cinye juna a 500 Hz, da 1,500 Hz, da 2,500 Hz, haka har sama. Sautin sai ya koma kamar ana magana ta cikin bututu. Wannan shi ne dalilin da ya sa tsarin rama jinkirin fulogin na manhaja ya zama wajibi ya kasance a kunne, musamman inda sigina ɗaya ta bi hanya biyu kafin ta sake haɗuwa.

Bas yana da faɗi. Na mono layi ɗaya ne, na sitiriyo biyu, na 5.1 shida. Pro Tools da Nuendo duk suna ba da damar a buɗe wa babban bas ƙananan ƙofofi, ta yadda tirak zai shiga layin tsakiya kaɗai, ko hagu da dama kaɗai, ba tare da ya bi ta majuyin sauti, mai karkatar da shi tsakanin layuka, ba. Sannan tirak yana da hanyar fita iri biyu: babbar mafitarsa, da kuma aike, wanda ke ɗibar wani kaso na siginar ya kai wani wuri, ko dai kafin feda ko bayanta. Akwai kuma fedar VCA, wadda ɗalibai kan rikita da bas. Ita sauti ba ya ratsa ta, hannu ne kawai da ke ɗaga fedoji da yawa a lokaci guda.

3. Yadda layuka shida suka samu

Alan Blumlein ya shigar da takardar mallakar fasahar sitiriyo a Ingila a 1931. A 1940 injiniyoyin Disney suka yi wa fim ɗin Fantasia tsarin Fantasound, kuma a wannan aiki ne majuyin sauti ya bayyana. A tsakiyar shekarun 1970 Dolby Stereo ya cusa layuka huɗu, hagu da tsakiya da dama da kewaye guda ɗaya, cikin layi biyu na jikin fim, Star Wars na 1977 ya yaɗa shi. Apocalypse Now na 1979, wanda Walter Murch ya tsara sautinsa, ya fito a fim mai faɗin milimita 70 da kewaye biyu da layin kauri na musamman da ake kira LFE, wato siffar da muke kira 5.1 a yau. Sunan kansa Tomlinson Holman ne ya raɗa shi a 1987. Dolby Digital ya shiga sinima da Batman Returns a 1992, DTS da Jurassic Park a 1993. Shawarar ITU-R BS.775 ta tsayar da mazaunin lasifikoki a ɗakin saurare: tsakiya a gaba sak, hagu da dama a digiri 30, na kewaye tsakanin digiri 100 zuwa 120.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, tsare-tsaren sun fito daga gidaje daban-daban, kowa da jerin layukansa da ma'auninsa. Gadon wannan rarrabuwa yana nan cikin manhajojinmu, zan dawo kansa.

4. A fara daga abin da za a miƙa

Mai sayen fim ba fayil ɗaya yake karɓa ba. Yakan nemi masta ta 5.1, da dammuna uku waɗanda ma'aikata ke kira sitem: damin magana, damin kiɗa, da damin sauran sautuka. Yakan nemi M&E, wato fim ɗin gaba ɗaya ba tare da maganar 'yan wasa ba, domin fassara zuwa wani harshe. Yakan nemi kwafin sitiriyo. In aka lissafa, dammuna uku sau shida layi 18 ne, masta shida, M&E shida, sitiriyo biyu, jimilla 32. Waɗannan layuka 32 su ne farkon abin da ya kamata a zana a shafin shiga da fita, tun kafin a shigo da fayil ɗin sauti ko ɗaya.

Ƙa'idar da ta ɗaure su ita ce, in aka tara dammunan uku kowanne a kan sifiri, ba ƙari ba ragi, dole su ba da masta sak. Don haka hanya ɗaya ce tilo: tirak ya shiga ƙaramin bas na danginsa, ƙaramin bas ya shiga bas ɗin daminsa, dammuna uku su shiga masta. Kada wani tirak ya tsallake dami ya faɗa masta kai tsaye. Wanda ya yi haka za a ji shi a masta, a rasa shi a dammuna, kuma ba za a gane ba sai mai saye ya dawo da aiki.

Bari in kawo fage ɗaya mu bi shi. Mace da ɗanta suna cinikin hatsi a kasuwa. Mai hatsi yana awo, kwano yana bugun buhu. Adaidaita-sahu ya wuce daga hagu zuwa bayan mai kallo. Rediyo a shagon kusa yana waƙa. Jama'a suna surutu, daga nesa ladan ya fara kiran salla.

Maganar mutum ukun ta damin magana ce, babu gardama. Adaidaita-sahu na damin sautuka ne. Waƙar rediyo, duk da an matse ta an sa ta yi ƙara irin ta ƙaramar lasifika, ta damin kiɗa ce, domin in haƙƙin mallakarta ya hana a nuna ta a wata ƙasa, a can za a neme ta a cire. Bugun kwano shi ne mai wahala, saboda makirufon da ya ɗauki magana shi ya ɗauke shi. Inda bugun ya faɗo tsakanin kalmomi, sai a yanke shi a mayar da shi tirak na musamman da ke zuba wa damin sautuka. Inda ya hau kan magana, ba ya yankuwa, sai mai foli ya sake yin sa a situdiyo, a ajiye don M&E. Surutun jama'a kuma kala biyu ne. Wanda ba a jin kalma a cikinsa na muhalli ne. Wanda ake jin wani yana cewa a kawo canji, wannan harshe ne, kuma in ya shiga M&E zai fito a fassarar Faransanci yana Hausa. Shi ya sa nake ganin fim ɗinmu yana buƙatar dami na huɗu, na zaɓi, inda za a tara irin wannan surutu, da kiran salla, da muryar mawaƙa. Mai fassara shi zai yanke abin da zai bari da abin da zai sake.

Muryar mawaƙa ta cancanci a tsaya a kanta, tunda waƙa ginshiƙi ce a finafinan Hausa da yawa. Mawaƙi yakan miƙo waƙarsa a gauraye, kiɗa da murya a fayil ɗaya na sitiriyo. Da irin wannan fayil, mai haɗa sautin kewaye hannunsa a ɗaure yake: ba ya iya kai murya tsakiya ya bar kiɗa ya buɗe. Roƙona ga furodusoshi shi ne a sa cikin yarjejeniya tun farko cewa za a miƙo murya daban, ganguna daban, sauran kayan kiɗa daban. Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya da aka fassara zuwa Hausa ba tare da M&E ba ya san abin da rashin rabuwar ke jawowa: da an fara magana sai ruwan sama da kiɗa su nutse tare, da an yi shiru su taso. Bai kamata mu miƙa wa wasu namu finafinan a wannan hali ba.

Damin magana, ko da yake kusan dukkansa a tsakiya yake, a ba shi cikakken faɗi na layi shida. Muryar da ke kira daga wajen allo da amsa-kuwwar ɗaki suna buƙatar sauran layukan. Layin LFE ɗinsa sai a bar shi shiru, domin fayilolin su zo da siffa ɗaya.

Amsa-kuwwa ita ce ƙofar da cakuɗuwa ta fi shigowa. Don sauƙaƙa wa kwamfuta, mai aiki yakan buɗe amsa-kuwwa ɗaya ta zaure, ya aika mata magana da takun ƙafa da ƙarar ƙofa, ya mayar da ita damin sautuka. A masta komai daidai. A M&E kuwa, an cire muryar ɗan wasa amma inuwarta tana yawo a bango. Maganin shi ne kowane dami da nasa amsa-kuwwar, ko da saitinsu ɗaya ne, kuma kowace ta koma damin da ya aike ta. Aiken ya kasance bayan feda, don in murya ta sauka amsawarta ta bi ta.

Sai batun kwamfuresa da limita. Masu haɗa waƙa sun saba ɗora su a kan masta, amma a fim wannan yana karya ƙa'idar tarawa, domin abin da limita ta yi wa jimilla ba shi cikin kowane dami. Wurinsu bas ɗin dami ne. A can ma da sharaɗi: layukan gaba su kasance a ɗaure da juna, don kada matse hagu kaɗai ya ja hoton sauti zuwa dama, LFE kuma a sake shi, don kada fashewar bam ta danne magana. Ya kamata a tuna cewa dammuna uku da kowanne ya tsaya a ƙarƙashin iyaka suna iya haure ta in sun taru. Netflix, alal misali, yana neman ƙarfin magana a kan -27 LKFS, ƙololuwa kuma kada ta wuce -2 dBTP, ƙa'idar EBU R128 ta gidajen talabijin na Turai tana neman -23 LUFS. Ma'aunin da za a duba waɗannan lambobi a kan masta yake zama, amma gyaran a dammuna da fedoji ake yin sa.

5. Jerin layuka

Layuka shida ba su da jeri guda. Jerin fim, wanda Pro Tools ke bi a cikinsa, shi ne hagu, tsakiya, dama, kewayen hagu, kewayen dama, LFE. Jerin SMPTE da ITU, wanda fayil ɗin WAV mai layuka da yawa da kunshin sinima na DCP ke bi, shi ne hagu, dama, tsakiya, LFE, kewayen hagu, kewayen dama. DTS ma yana da nasa. Layin farko ne kaɗai suka yi tarayya a kansa.

Na taɓa zama a wani zauren gwaji ina jin abin da wannan saɓani ke yi wa aikin da na sa hannu a ciki. An fitar da fayil da jerin fim, na'urar zauren ta karanta shi da jerin SMPTE. Da jaruma ta buɗe baki, fuskarta a tsakiyar allo, muryarta ta fito daga lasifikar dama. Kiɗan dama ya dawo tsakiya ya zauna inda magana ya kamata ta kasance. Kukan tsuntsayen kewayen hagu ya tafi wufa, lasifikar kauri, wadda ba ta iya furta shi, sai ya ɓace. Abin da ke kewayen dama ya koma hagu. Kaurin LFE kuma ya faɗa ƙaramar lasifikar kewayen dama, tana ta karkarwa a bango. Darakta ya juyo ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Babu feda ɗaya da aka ajiye ba daidai ba a wannan haɗi, kuma duk da haka fim ɗin bai kallu ba.

Ɓarnar tana shafar ma'auni ma. Tsarin ITU-R BS.1770, wanda ma'aunan ƙarfin sauti na zamani suka ginu a kansa, yana ƙara wa layukan kewaye nauyin kusan dB 1.5, yana kuma watsar da LFE gaba ɗaya. In ma'auni ya ɗauki jerin da ba shi ba, zai watsar da kewayen hagu ya ƙirga LFE da ƙarin nauyi, lambar da zai nuna ba ta da amfani. Hanyar da ta fi aminci ita ce a miƙa kowane layi a fayil ɗinsa na mono, sunan layin a rubuce a ƙarshen sunan fayil, sai fa in mai saye ya nemi a dunƙule, shi ma a tambaye shi jerin da yake so a rubuce.

6. Hanyar ɗauka da hanyar saurare

Daga masta hanya takan rabu biyu. Ɗaya ta tafi tirak ɗin da ake ɗaukar aiki, ɗaya ta tafi lasifikoki. Duk abin da aka yi don gyara ɗaki ko lasifika, a hanya ta biyu yake zama, kada ya kusanci ta farko. Maganar tana da sauƙin faɗa, amma a ƙananan situdiyo, inda babu na'urar sarrafa saurare ta daban kuma komai a cikin manhaja ake yi, bas ɗaya da aka jona ba daidai ba ya isa ya shigar da gyaran ɗaki cikin masta.

Babban misali shi ne bambancin LFE da wufa. LFE layi ne a cikin fayil, mai ɗaukar kaurin sauti har zuwa 120 Hz. Wufa kuwa akwatin lasifika ce a ɗaki. A gida da ƙaramin situdiyo, lasifikoki biyar ɗin ba sa iya fitar da kauri sosai, don haka ake tace abin da ke ƙasa da kimanin 80 Hz daga kowannensu a tura wa wufa, tare da LFE. Wannan tacewa aikin hanyar saurare ce. Wanda ya yi ta a hanyar ɗauka ya kwashe kaurin layuka biyar ya zuba a LFE, kuma za mu ga a gaba cewa LFE shi ne layin farko da ake zubarwa. Wanda kuma bai yi ta sam ba yana aiki a makance: gurnanin janareta ko bugun iska a makirufo da ke 40 Hz a layin tsakiya ba zai ji shi a ƙananan lasifikokinsa ba, amma mai kallo da ke da wufa a falo zai ji.

LFE yana da ƙarin dB 10 a wajen kunnawa, domin ya samu sararin girgiza zaure ba tare da ya cika ma'auni ba. Ƙarin a hanyar saurare ake sa shi. In an manta, mai haɗa sauti zai ji kauri ya yi kaɗan, ya yi ta turawa har kunnensa ya gamsu, a sinima kuma abin ya fito da ƙarin dB 10 a kan abin da ya nufa. A kan bas ɗin LFE kuwa, matatar da ke yanke sama da 120 Hz ko ƙasa da haka kaɗan ta hanyar ɗauka ce. Abin da za a aika masa a zaɓe shi ɗaya bayan ɗaya: tsawa, fashewa, rufewar ƙofar ƙarfe. Jikin ganga da gitar bes su zauna a manyan layuka.

Saitin ƙarfi ma nan yake. A zauren haɗa sautin sinima, ana sa hayaniyar gwaji mai shuu a kan -20 dBFS, a daidaita kowace lasifikar allo ta ba da dB 85 a mazaunin mai aiki, kowane ɓangaren kewaye kuma 82, ta yadda su biyun in sun haɗu za su kai 85, kamar kewaye guda na zamanin da. A tsarin gida kuwa layuka biyar ɗin ƙarfinsu ɗaya, kuma a ƙaramin ɗaki akan sauko zuwa wajen 79. Ma'anar wannan ita ce, haɗin da aka yi don sinima in aka kai shi gida yadda yake, kewayensa zai fi ƙarfi da dB 3. Saboda haka kwafin gida yana buƙatar a rage masa wannan adadi a layukan kewaye na kowane dami, kuma wannan ragin na hanyar ɗauka ne, tunda fayil ne daban ake samarwa.

Nisa ma yana shiga. In lasifikokin hagu da dama suna nisan mita biyu a digiri 30, ta tsakiya kuma an jera ta a saiti ɗaya da su a jikin bango, ta fi su kusa da kusan santimita 27. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka za ta riga su isa kunne da kusan 0.8 cikin dubu na daƙiƙa. A ja ta baya, ko a sa mata jinkiri, a mafitar lasifikar kaɗai.

7. Naɗewa zuwa biyu da ɗaya

Yawancin masu kallon finafinanmu ba za su taɓa jin layuka shida ba. Talabijin ne da waya, wani lokaci da abin kunne, wani lokaci lasifika ɗaya a tsakiyar majalisa. Don haka bas ɗin naɗewa ya kamata ya kasance a jone tun ranar farko, da maɓallin da za a danna a saurare shi kowane lokaci.

Lissafin da BS.775 ya bayar shi ne, sabon hagu ya ƙunshi hagu, da tsakiya a rage dB 3, da kewayen hagu a rage dB 3, haka ma dama. LFE akan zubar da shi. Daga nan ana iya hango haɗari. Sautin da aka sa a hagu da tsakiya da dama da ƙarfi ɗaya, in an naɗe, zai zama 1 a tara da 0.707 a kowane gefe, ƙarin dB 4.6. Kiɗan da aka kwafa daga gaba aka zuba a baya don ya cika zaure, shi ma haka zai kumbura ya hau kan magana, in kuma an sa wa na bayan ɗan jinkiri, sai cinye juna da na ambata a sashe na biyu ya bayyana.

Wannan ya kawo ni ga tsakiya. A sitiriyo, murya tana zama a tsakiya ne ta hanyar fitowa daga hagu da dama da ƙarfi ɗaya, kuma wanda ya zauna daidai tsakiya ne kaɗai ke jin ta a can. Wanda ya karkata gefe, lasifikar da ta fi kusa da shi ita ke janye muryar, kamar yadda binciken Helmut Haas ya nuna tun wajen 1950. Ko ga na tsakiyar, isowar sauti biyu ga kowane kunne tana rage ƙarfi a wajen 2 kHz, yankin da baƙaƙe ke bayyana. Harshen da ke bambanta kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, da ɗan abin da ke faruwa a farkon gaɓa, bai kamata a yi wasa da wannan yanki a cikinsa ba. Shawarata ita ce maganar da ke kan allo ta shiga lasifikar tsakiya ita kaɗai, a guji watsa ta zuwa hagu da dama sai da dalili na labari.

8. Abin da Atmos ya sauya

Dolby Atmos, wanda ya fara da fim ɗin Brave a 2012, yana karɓar layuka har 128: goma na shimfiɗa mai siffar 7.1.2, da 118 na sautuka masu zaman kansu, kowanne da bayanin inda yake a sararin zaure. Waɗannan masu zaman kansu ba sa shiga bas. Kai tsaye suke tafiya manhajar rarrabawa, ita ke yanke lasifikar da za su fito. Don haka limitar dami ba ta taɓa su, sai dai a riƙe su da VCA, kuma LFE ta shimfiɗa kaɗai ake kai masa. Amma tunanin dami bai tafi ba: a manhajar rarrabawa ana yi wa kowane layi alamar magana ko kiɗa ko sautuka, daga nan ake sake fitar da dammunan 5.1 da sitiriyo. Wanda bai ware layukansa rukuni-rukuni tun farko ba, a nan zai tsaya.

9. Gwajin hanya kafin aiki da bayansa

Kafin a fara haɗi, a ɗauki murya tana kiran sunan kowane layi, "hagu", "tsakiya", "dama", har shida, LFE kuma a ba shi amo na 50 ko 60 Hz tunda murya ba za ta fito a can ba. A bi da wannan ta kowane dami, a tsaya a ɗaki a tabbatar kowane suna ya fito daga lasifikarsa. A fitar da shi fayil, a buɗe a wata na'ura daban, a sake saurara. Sannan a sa amon 1 kHz a kan -20 dBFS a tirak ɗaya, a bi shi da ido: ƙaramin bas, dami, masta, tirak ɗin ɗauka. In ya fita ta ƙofar layi guda, -20 ya kamata ya nuna a kowane mataki. Inda ya nuna -14, siginar tana shiga sau biyu. Inda ya nuna -23, akwai majuyin da ke rage ta a hanya.

Bayan an gama, a ɗauki dammuna da masta a zagaye ɗaya, domin amsa-kuwwa mai motsi ba ta maimaita kanta sak a zagaye na biyu. A buɗe sabon zaman aiki, a jera dammunan a kan sifiri, a kifar da fuskar masta, a kunna su tare. Shiru ya kamata a ji daga farko har ƙarshe. Duk inda wani sauti ya leƙo, a rubuta lokacinsa, a koma a nemo tirak ɗin da ya kauce wa daminsa. Daga nan a kunna M&E shi kaɗai, da ƙarfi, a ba wanda bai san fim ɗin ba ya zauna ya saurara, a ce masa ya ɗaga hannu duk inda ya tsinci kalmar Hausa.